Filin Shawara: Maigida ya ƙyalla ido a kan Tundra

Zuwa ga Gwaggo: Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku. Maigidana ya yi ritaya bara, kuma tun da aka biya shi kuɗin sallama ba shi da zance sai na wata ƙatuwar akori-kura ƙirar Toyota Tundra da ya gani wajen masu sayar da 'yan Kwatano. Wai zai ɗora mata tanti a baya, mu kwashi yara lokacin hutu mu hau tsaunin Mambila, duk inda dare ya yi mana mu kwana. Kullum yana kan YouTube yana kallon Turawa suna ratsa daji da irinta. Na ce ina tsoro, ya ce mota mai wannan girma babu inda ba za ta shiga ba. Yanzu da na ɗago maganar sai ya ce ba na son farin cikinsa. In hana shi ne, ko in bi shi?

Uwargida, daga Kaduna

Amsa: Kada ki hana shi, kada kuma ki bi shi ido rufe. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kujerar ofis, in ya ce yana son ya ga ƙasa, ba abin zargi ba ne. Wasu kuɗin sallamarsu a kayan lefen amarya yake ƙarewa, naki kuwa ke yake so ya ɗauka ya kai Mambila. Inda ya kauce guda ne, ya ɗauka girman mota shi ne iya shiga daji. "Ina tsoro" kuma ba za ta karkato da shi ba, domin namiji in ya ji haka sai ya ga kamar jarumtarsa ake rainawa. Ki je masa da lissafi.

Tundra da 'yan uwanta irin su Ford F-150 da Ram da Silverado don Amurka aka ƙera su, ƙasar faffaɗan titi da fetur mai sauƙi, inda mutum yake jan kwalekwale ko tirelar dawaki a bayansa. Turawan da yake kallo a hamadar Utah da Arizona, in wani abu ya karye, akwai shagon kamfanin a gari na gaba. Faɗin Tundra ya ɗan haura mita 2, tsawon mai ƙofa huɗu ya kusa mita 6. Hanyoyin ƙauyukanmu kuwa shanu da babura da Hilux ne suka fitar da su. Inda Hilux za ta ratsa tsakanin bishiya da zaizayar ruwa, Tundra sai ta bar fentinta a jikin ƙaya ko ta jefa taya a rami. Nisan da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya ma matsala ne, a kan ɗan tudu sai cikinta ya dafe ƙasa, tayoyi suna juyawa a banza.

Ki tambaye shi tukuna, mai fowil ce? Da yawa daga waɗanda ake kawowa tayoyin baya kaɗai suke ja, duk da cika idon da suke yi. Irin wannan, da bayanta babu kaya, taɓon da bai kai idon sawu ba zai kafe ta. Ya sa bakanike ya shiga ƙarƙashi ya duba, ya kuma binciki lambar motar, don wasu ambaliya ce ta cinye su can aka yi gwanjonsu.

Sai batun lodi, wanda shi ya fi damuna. In aka buɗe ƙofar direba, akwai wata takarda manne a jikin ginshiƙi da ta faɗi iyakar nauyin da motar za ta ɗauka, mutane da kaya gaba ɗaya. Yawancin Tundra masu ƙofa huɗu da fowil, abin bai wuce kilo 550 zuwa 750 ba, alhali Hilux da ake rainawa tana ɗaukar kusan tan guda. Ku zauna da biro ku biyu. Ke da shi da yara uku, a ce kilo 260. Ruwa lita 100, kilo 100. Fetur jarka huɗu masu lita 25, kilo 75 ban da nauyin jarkokin. Tantin da ake ɗorawa a sama yakan kai kilo 60, safaya taya ta biyu ta kusa kilo 40. Kin ga an haura 500, ba a sa buhun shinkafa ba, ba tukunyar gas, ba jak da shebur da akwatin sifana, ba ƙaninsa da na san zai maƙale muku. Motar da aka yi wa lodi fiye da kima, a gargada sifirin da shokazoba ne suke fara tafiya, a gangara kuma birki.

Gangara kuwa akwai ta. Daga Jalingo za ku bi Bali zuwa Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take, sannan daga Mayo Selbe a fara hawan dutse, lanƙwasa bayan lanƙwasa, har a fita saman tudun da tsayinsa ya kai wajen mita 1,600, a wuce Nguroje zuwa Gembu. Hawan ba zai gagari injin V8 mai lita 5.7 ba. Saukowar ce abin ji. Mota mai nauyin tan biyu da rabi, ga kaya, in direba ya danne birki tun daga sama sai ya yi zafi ya daina kamawa. Ƙaramar giya ake sawa injin ya riƙe motar, ko da mai canza giya da kanta ce. Ku kuma tafi da rani, tsakanin Disamba da Fabrairu, da rigunan sanyi masu kauri. Damina a can doguwa ce, jar ƙasar kuma santsi gare ta.

Mai fa? A kwalta, ba kaya, lita guda kilomita 6 zuwa 7 take kai ta. A laka da hayi abin ya fi haka muni. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 wannan lissafi ya daina zama wasa ga ɗan fansho, kuma in kun yi nisa da gari a hannun 'yan bumburutu za ku saya. Kayan gyara ma haka. Abin Hilux ko a Serti ba za a rasa mai shi ba, na Tundra kuwa sai an aika Panteka ko Ƙofar Ruwa, wani lokaci har Ladipo a Legas, kuna zaune gindin bishiya da yara.

Maganar kwana duk inda dare ya yi, wannan ki tsaya kai da fata ki ƙi. Ba a halin tsaron da muke ciki ba. A yi tafiyar da rana, a kwana a masauki a Serti da Gembu. In yana son tantinsa, ya kafa inda ma'aikatan gandun daji suka nuna masa, ko bayan ya gaida mai gari an san da zamanku.

Da ni ce, sai in ce masa: Alhaji, na yarda za ni, amma tafiyar farko mu yi hayar Hilux da direban da ya san hanya. In kun dawo yana nan a kan bakansa, kuɗinsa ne, ya saya, da sharaɗin mai fowil ce, a cire mata manyan rim ɗin kwalisa masu inci 20 a sa taya mai kaurin gefe, a kuma ware kuɗin makarantar yara kafin a biya dillali.

Gwaggo, barka da aiki. Ina da Ford babba mai shan gas da na sayo kwanan nan. Ina so in tuƙa ta daga Agadas zuwa Bilma ni da abokina, amma Hajiyarmu ta ce ba ta yarda ba. Ina tunanin in ce mata Damagaram zan je wajen aiki.

Ɗanki, daga Maraɗi

Ɗana, ƙarya ga mahaifiya a kan tafiyar da ake iya rasa rai, kada ka soma. In ka ɓace, a Damagaram za a neme ka.

Kuma Hajiya ta fi ka gaskiya. Tsakanin Agadas da Bilma sama da kilomita 500 ne na hamadar Tenere, ba kwalta, ba inuwa. Bishiya guda da aka sani a wannan fili ma mota ce ta ture ta a 1973, gangar jikinta tana gidan tarihi a Yamai. Direbobin da suka ci wannan hanya, da Land Cruiser da Hilux suke bi, a ayari, da ɗan jagora da rakiyar sojoji, ba mota guda ba. Taka ta fi tasu nauyi nesa ba kusa ba, yashi kuma nauyi yake haɗiyewa. In sabuwar ƙira ce, an yi injinta don gas mai tsabta irin na Amurka, tana da matatar hayaƙi da ke toshewa da gurɓataccen mai, sai kwamfutar motar ta rage mata ƙarfi a tsakiyar sahara, inda babu mai na'urar duba ta.

In son yashi kake, ka fara koya kusa da gida, a busasshen gulbi, da wata motar tsaye a gefe. Ka koyi sace iskar taya zuwa wajen 18 a ma'aunin falkanaiza, ka riƙe famfon da za ka mayar da ita kafin ka hau kwalta. In ka kafe, ɗaga ƙafa daga totur ka ɗauki shebur. Kada a taɓa ɗaura igiyar ja a dunƙulen ƙarfen jan tirela da ke baya, yana tsinkewa ya tashi kamar harsashi, ya sha kashe mutane. In ka ƙware, ka nemi ayari da takardun izini, ka kai jagoran gaban Hajiya ya yi mata bayani da bakinsa.