Fanshon Ingila: Abin Da Ya Kamata Mai Dawowa Gida Ya Sani

Jama'a, akwai 'yan'uwanmu da suka shafe shekaru suna aiki a Ingila, likitoci da ma'aikatan jinya da malaman makaranta da direbobi. Yanzu girma ya zo, suna son dawowa gida Nijeriya. Domin su aka rubuta wannan takarda, da kuma iyalan da za su tarbe su.

Wa ya cancanta?

Fanshon gwamnatin Ingila hakkin wanda ya biya kuɗin inshorar ƙasa ne, wato abin da ake yanka a albashinsa. A tsarin da ya fara aiki cikin Afrilun 2016, sai mutum ya yi shekara 10 yana biya kafin a ba shi ko kwabo, cikakken fansho kuwa sai da shekara 35. Ana fara karɓa a shekara 66, ana kuma ɗaga wannan zuwa 67 tsakanin 2026 da 2028. Dawowa gida ba ta soke hakkin nan. Ko a Kano kake ko a Zariya, za a aiko maka, bayan kowane mako 4 ko mako 13.

Kuɗin ba ya ƙaruwa

To, a nan fa sai a kasa kunne. Kowane Afrilu gwamnatin Ingila takan ƙara wa tsofaffinta fansho, amma ƙarin ba ya bin kowa. Mazauna ƙasashen Tarayyar Turai da Amurka suna samu. Mazauna Nijeriya da Gana ba sa samu, haka ma na Kanada da Ostireliya. Abin da kake karɓa ranar da ka baro Ingila, shi za ka ci gaba da karɓa muddin kana gida.

Ga misali. Cikakken fansho a Afrilun 2016 fam 155.65 ne a mako. Zuwa Afrilun 2025 ya kai fam 230.25. Wanda ya dawo gida a 2016 har yau yana kan 155.65, abokin aikinsa da ya zauna a Landan kuwa a 2025 ya fi shi da fam 74.60 kowane mako.

Kada yawan naira ya ruɗe ka

A Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da ake sayarwa wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 cikin 2024. Mai fansho da fam sai ya ga nairarsa ta ninka, ya ɗauka arziki ne ya zo. Amma a 2024 ɗin hauhawar farashi ta wuce 30 cikin 100: shinkafa da fetur da magani duk sun tashi. Canji kuma ba ya da amana, yau sama gobe ƙasa.

Saboda haka ka yi lissafinka da fam. In da hali, ka bar kuɗin a asusun kuɗin waje, ka riƙa canja abin da wata ɗaya zai ci. Ka guji masu cewa ka kawo su juya maka su ba ka riba mai tsoka duk wata. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Takardar shaidar rai

Lokaci-lokaci ofishin fansho yakan aiko takarda don ya tabbatar kana raye. Ka sa hannu, wani amintacce kamar likita ko lauya ya shaida, ka mayar a kan lokaci. In ka yi sakaci, sai a tsayar da biya. Ka sanar da su duk sa'ad da ka sauya gida ko banki. 

Lafiya da dangi

Wanda ya tare a gida ya fita daga cikin masu samun jinya kyauta a asibitocin gwamnatin Ingila. Don haka kuɗin magani shi ne farkon abin da za ka ware, kafin gini, kafin mota.

Dangi za su zo da buƙatu, zumunci kuwa wajibi ne. Ka yanke abin da za ka iya bayarwa duk wata, ka faɗa musu a fili cewa kuɗin nan ba ya ƙaruwa. Ka kuma nuna wa uwargida ko babban ɗanka inda takardunka suke, domin in ta Allah ta kasance dole a sanar da ofishin fansho a daina biya.

Kafin ka yanki tikiti, ka nemi ofishin fansho ya ba ka adadin abin da za ka riƙa samu a rubuce. Ka zauna da alƙalami ka auna ko zai riƙe ka nan da shekara 15 ba tare da ƙarin ko sisi ba. In ya isa, bismilla. In bai isa ba, ka tanadi wata hanyar samu tun kana can.