RANTSUWA DA LAMUNI A NEMAN BIZAR ZAMA A AMURKA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, darasinmu na wannan mako ya shafi wani al'amari da ya shiga gidaje da dama, watau neman bizar zama na dindindin a ƙasar Amurka ta hanyar dangi ko ta hanyar aiki. Mutane da yawa sun ɗauke shi sha'anin cike takardu kurum, a ba wani ɗan boko ya cike, a sa hannu, shi ke nan. Alhali kuwa tun daga farkonsa har ƙarshensa a kan abu biyu aka gina shi, rantsuwa da lamuni, kuma kowannensu babi ne sananne a fiƙihu. Saboda haka za mu fara bayyana yadda tsarin yake, sa'an nan mu duba nauyin da ke hawa kan mai sa hannu.

WANE NE DANGI A DOKARSU?

Tushen dokar shige da fice ta Amurka an kafa shi a 1952. A 1965 aka soke rabon gurabe bisa asalin ƙasar mutum, aka fifita haɗa iyali. A 1990 kuma aka tsai da adadin da ake aiki da shi: gurabe 140,000 a shekara ga masu zuwa ta hanyar aiki, da gurabe waɗanda ba su kasa 226,000 ba ga dangin da ke bin layi. Ba a ba wata ƙasa guda fiye da kashi 7 cikin 100 na wannan jimla.

Dangi kashi biyu ne. Kashi na farko su ne makusantan ɗan ƙasa: matarsa ko mijinta, da 'ya'yan da ba su kai shekara 21 ba kuma ba su yi aure ba, da iyaye in ɗan nasu ya cika shekara 21. Waɗannan ba a ƙayyade yawansu ba. Kashi na biyu su ne masu bin layi, aji huɗu: manyan 'ya'yan ɗan ƙasa marasa aure, iyalin mai katin zama, wanda ake kira koren kati, da 'ya'yansa marasa aure, 'ya'yan ɗan ƙasa masu aure, sai kuma yayye da ƙannen ɗan ƙasa, waɗanda gurabensu 65,000 ne a shekara ga duniya duka. Wannan aji na ƙarshe jiransa yakan haura shekara 15.

A nan ne ya kamata mai karatu ya lura. Kalmar ɗan'uwa a bakinmu tana da faɗi: ɗan baffa ɗan'uwa ne, ɗan gwaggo ɗan'uwa ne, wanda aka sha nono tare ɗan'uwa ne. Dokarsu ba ta san wannan ba. Babu aji ga kaka, ko kawu, ko baffa, ko taubashi, ko suruki. Agola yana shiga in an ɗaura auren mahaifiyarsa kafin ya cika shekara 18. Ɗan riƙo kuwa ba ya shiga don an goya shi kawai, sai an ɗauke shi bisa doka kafin ya kai 16, ya kuma zauna shekara 2 a hannun mariƙinsa. In jami'i ya yi kokwanton nasaba, yana iya ba da shawarar a yi gwajin ƙwayar halitta.

HANYAR AIKI

Ita kuma aji biyar ce: fitattu a fagen ilimi ko fasaha ko wasanni, masu manyan digiri, ƙwararrun ma'aikata da sauran ma'aikata, wasu keɓaɓɓu, cikinsu har da limamai da sauran ma'aikatan addini, sai masu zuba jari, waɗanda dokar 2022 ta sa musu dala 1,050,000, ko dala 800,000 a karkara da wuraren da rashin aiki ya yi yawa. A aji na biyu da na uku, galibi mai ba da aikin ne ke farawa. Sai ya tallata gurbin, ya gamsar da Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka cewa bai sami ɗan gida da ya cancanta ba, kuma zai biya albashin da aka saba biya a wannan aiki, kana ya shigar da takarda mai lamba I-140. Doka ta hana shi ɗora wa ma'aikaci kuɗin wannan tantancewa ta Ma'aikatar Ƙwadago. To, duk dillalin da ya ce maka ka kawo kuɗi ya sayo maka gurbin aiki, ka san ramin da yake gina maka.

MATAKAN DA AKE BI

Mai neman kawo danginsa yana shigar da takarda mai lamba I-130 ga hukumar shige da fice, USCIS. Ranar da ta karɓi takardar ita ce matsayin mutum a layi, kuma kowane wata Ma'aikatar Harkokin Waje tana fitar da jadawalin da ke nuna inda layin ya kai. In an amince, sai fayil ya koma Cibiyar Biza ta Ƙasa da ke jihar New Hampshire. A nan ake biyan kuɗi, a cike takardar DS-260 ta intanet, a aika da shaidar haihuwa, da ta aure, da takardar 'yan sanda ga wanda ya kai shekara 16. Sa'an nan likitan da ofishin jakadanci ya amince da shi ya duba lafiyar mutum, daga nan sai ganawa da jami'i. Ga 'yan Nijeriya a Legas ake yin wannan ganawa, ga 'yan Ghana a Accra. Bizar da aka bayar ba ta wuce wata 6, dole a shiga ƙasar kafin ta ƙare.

Abu biyu suna ɓata wa mutane aiki cikin rashin sani. Wanda aka sanar da shi layinsa ya zo, ya yi shiru har shekara guda, ana iya rufe fayil ɗinsa. Kuma ɗan mai koren kati da ke jira a ajin marasa aure, in ya yi aure kafin mahaifinsa ya zama ɗan ƙasa, takardar ta faɗi gaba ɗaya. Lalle iyaye su san wannan kafin su sa rana.

Ƙofar nan kuma tana buɗewa tana rufewa bisa ga siyasarsu. A 2020 an dakatar da bizar zama ga 'yan Nijeriya, aka ɗage a 2021. A Yunin 2025 aka hana 'yan Chadi da Sudan shiga, a Disambar wannan shekara kuma aka ƙara da Nijar, aka sake taƙaita 'yan Nijeriya. Saboda haka kafin mutum ya kashe ko sisi, ya duba sanarwar ofishin jakadanci da kansa.

NAUYIN LAMUNI

Wanda ya nemi a kawo danginsa dole ya sa hannu a takarda mai lamba I-864. A cikinta yake ɗaukar alkawarin riƙe baƙon, ya kuma nuna cewa abin da yake samu ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci da gwamnatinsu ke fitarwa kowace shekara. In nasa bai kai ba, sai a nemo wani ya haɗa hannu da shi. Tun daga dokar 1996 wannan takarda ta zama yarjejeniya da kotu ke tilasta cikawa. Baƙon yana iya kai mai lamuninsa ƙara, hukuma ma tana iya bin sa kuɗin wasu tallafi da baƙon ya ci. Nauyin ba ya sauka sai baƙon ya zama ɗan ƙasa, ko ya yi aiki na kimanin shekara 10, ko ya bar ƙasar ya rasa izninsa, ko mutuwa ta zo. Mutuwar aure ba ta sauke shi.

Wannan shi ne abin da malaman fiƙihu ke kira damana, ko kafala, ko hamala, kalmar ƙarshen nan daga ɗaukar kaya take. Malaman Malikiyya sun kasa lamuni uku: na dukiya, da na kawo mutum, da na nemo shi. Takardar da muke magana a kanta ta fi kusa da na farko, wanda ya fi nauyi, domin mai lamunin dukiya shi ke biya in abu ya ɓaci. Saboda haka kada kunya ta sa mutum ya sa hannu a kan abin da ba zai iya ba. Shi kuma wanda aka tsaya wa, ya san cewa ɗan'uwansa ya jinginar da guminsa dominsa, kada ya je ya kwanta ya bar shi da jidali.

NAUYIN RANTSUWA

Ranar ganawa, mai neman biza yakan ɗaga hannu ya rantse cewa duk abin da ke cikin takardunsa gaskiya ne. Wanda aka kama ya yi ƙarya da gangan a kan wani muhimmin abu, hukuncinsa a dokarsu haramcin shiga ne na har abada, sai fa in ya sami afuwa, ita kuwa ƙalilan ke samunta. A shari'armu kuma ƙarya haramun ce ko ga wanda ba Musulmi ba. Shaidar zur tana cikin manyan zunubai. Rantsuwa da Allah a kan ƙarya da gangan kuwa, wadda ake kira yaminul gamusi domin tana dulmuyar da mai ita cikin zunubi, mafi yawan malamai sun ce ta fi ƙarfin kaffara, sai tuba.

Mu ɗauki misali uku. Na farko, mutum ya rubuta ɗan ƙaninsa a cikin 'ya'yansa don tausayi. Niyya kyakkyawa ce, amma Suratul Ahzabi ta hana jingina yaro ga wanda ba mahaifinsa ba, kuma takardar ƙaryar nan ita ce za ta rikita gado da nasaba bayan manya sun kau.

Na biyu, auren takarda. Dokarsu ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai dala 250,000 ga mai ƙulla aure don kauce wa dokar shige da fice. Don haka ne ma auren da bai cika shekara 2 ba ake ba shi katin wucin gadi na shekara 2, sai an sake tabbatar da shi. A fiƙihu kuwa mai wannan dabara ba shi da mafita. In an haɗa waliyyi da sadaki da shaidu da siga, aure ya ɗauru ko da wasa aka yi, haƙƙoƙinsa sun hau kansa. In kuwa ba a haɗa ba, to ya rantse a kan auren da babu shi.

Na uku, mai mace fiye da ɗaya. Dokarsu ba ta amince da auren da aka ƙulla alhali na farko yana nan ba, kuma ta hana shiga ga wanda ya zo da nufin zama da mata fiye da ɗaya. Sai wani ya rubuta takardar saki, ya ce ai ta hukuma ce kawai. Subhanallahi! Saki ba abin wasa ba ne, malamai sun ce wanda ya furta shi da wasa ya auku. Yaya mutum zai yi caca da igiyar aurensa don hatimi a fasfo?

Daga ƙarshe, malamai sun yi bayanin cewa wanda ya shiga ƙasar wasu da amincewarsu, ba ya halatta ya ha'ince su. Biza kuwa amana ce irin wannan. Saboda haka ya ɗan'uwa, karanta kowane layi kafin ka sa hannu, in ba ka jin Turanci ka nemi amintacce ya fassara maka, domin kai za a tambaya, ba wanda ya cike maka ba. In gaskiyarka ta buɗe maka ƙofa, ka shiga da kwanciyar rai. In ta rufe, ka haƙura, arziki ba a Amurka kaɗai aka ajiye shi ba.

Allah Ya sa mu cika alkawari, Ya tsare harsunanmu da alƙalumanmu daga ƙarya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.