Darasi: Takalmin Gona da Daji

A ƙasar Kontagora ruwa kan sauka a watan Mayu, ya ɗauke a watan Oktoba. A tsakanin nan manomi yana cikin taɓo, makiyayi yana cikin raɓa. Mutanen Mariga da Rijau da Tungan Kawo sukan yi doguwar tafiya kafin su isa gona. Silifa ba ta kare ƙafa daga ƙaya da kututture. Maciji ma, kamar kububuwa da kasa, ya fi saran mutum a ƙafa. Saboda haka takalmi mai rufi kayan aiki ne, ba ado ba.

Iri biyu ne

Akwai na roba mai dogon wuya, wanda ake kira rambut. Ruwa ba ya shigarsa, ya dace da fadama da gonar shinkafa. Amma yana tara gumi, kuma yana da nauyi a doguwar tafiya. Akwai na fata mai igiya. Shi ya fi kama idon sawu, ya fi daɗin tafiya a kan tsakuwa da duwatsu.

Yadda ake zaɓe

Ka je saye da yamma, domin ƙafa takan ɗan kumbura bayan zirga-zirgar yini. Ka sa safa kafin ka gwada. Ka gwada ƙafa biyu, domin sau da yawa ɗaya ta fi ɗaya girma. Ka bar fili kamar faɗin babban yatsan hannu a gaban yatsunka. Ka taka ka gani. In dunduniya tana fita, ya yi yawa, zai sa maka bororo. In yana matse yatsu, ka bar shi, ko da mai kaya ya ce zai buɗe. Sabon takalmi a fara sa shi a gida kwana kaɗan kafin a shiga daji da shi.

Yadda ake hana ruwa shiga

Ka wanke taɓo, ka bar fata ta bushe a inuwa. Kada ka ajiye shi kusa da murhu, zafi yana tsattsage fata. Ka shafa man takalmi ko man kaɗanya kaɗan, musamman a bakin ɗinki, domin ta nan ruwa ya fi shiga. In cikinsa ya jiƙe, ka cusa busasshen tsumma ya tsotse ruwan. In ɗinki ya warware, a kai wa baduku. In na roba ya huje, mai facin taya zai liƙe shi.

Kula da ƙafa

Ka wanke ƙafa, ka tsane tsakanin yatsu, ka canza safa kullum. Kafin ka sa takalmi da safe ka kifa shi ka kakkaɓe, domin kunama tana son ɓuya a ciki.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake sayen takalmi da yamma?
2. Ina ne ruwa ya fi shiga takalmin fata?

Aikin gida

Yau ka duba takalminka. In ka ga ɓula ko tsaga, ka gyara kafin ruwa ya kankama.