Tauri da Taushi: Bayani a Kan Hoton da Ke Auna Ƙullutun Nono

Tun kafin a ƙera kowace na'ura, hannu ne kayan aikin likita na farko. Idan mace ta zo asibiti ta ce ta ji wani abu a mamanta, likita kan shimfiɗa yatsu ya lalluba a hankali. Abin da yatsun ke nema sananne ne: abin nan taushi gare shi ko tauri? Yana sulɓewa ƙarƙashin yatsa ko kuwa ya kafe wuri guda? Gefensa sumul ne ko gargada? Masana sun daɗe da lura cewa sankara galibi tauri gare ta, kuma takan kama naman da ke kewaye da ita ta riƙe gam, alhali ƙullutun da ba shi da illa yawanci yana da laushi, yana kuma motsi.

Sai dai hannu yana da iyaka. Ba ya isa ga ɗan ƙaramin ƙullutun da ya nutse can ciki kusa da haƙarƙari. Abin da wannan likita ya kira mai tauri, wancan yana iya cewa matsakaici ne. Hannu kuma ba ya ba da lambar da za a rubuta a takarda don a gwada ta da ta wata shida mai zuwa. Domin cike wannan giɓi ne aka fito da hoton auna tauri, wanda likitoci ke kira ilastogirafi. Wani masani mai suna Jonathan Ophir da abokan aikinsa a Jami'ar Teksas ta Amurka ne suka bayyana hanyar da wannan suna a 1991.

Mai karatu ya san sikanin, wanda ake yi wa masu juna biyu. Na'urar tana aika sauti mai tsananin siranta da kunne ba ya ji, sautin ya shiga jiki ya dawo kamar amsa-kuwwa, ita kuma ta mayar da shi hoto baƙi da fari. Wannan hoto yana nuna girman ƙullutu da siffarsa da yanayin gefensa, yana kuma bambance jakar ruwa da tsoka. Abin da ba ya nunawa shi ne tauri. To, ilastogirafi ba wata na'ura ce dabam ba. Ƙari ne a cikin na'urar sikanin ɗin, idan an ƙera ta da shi. Da kan na'urar guda ake yi, a zama guda, ba yanka, ba allura, ba kuma hasken ekisire, saboda haka mai ciki da mai shayarwa duk ana yi musu.

Hanyoyin aunawar biyu ne, kuma misali ɗaya ya ishe mu. A ɗauki malmalar tuwo da tsakuwa ta ɓuya a cikinta. In aka ɗora tafin hannu aka danna, tuwon zai lotsa, tsakuwar kuwa tana nan yadda take. Hanya ta farko ke nan. Mai ɗaukar hoto yana ɗan danna kan na'urar yana saki, dannawa mara ƙarfi sam, na'urar kuma tana gwada hoton kafin dannawa da na bayanta, ta ga inda ya lotsa da inda ya ƙi, sannan ta shafa launi a kan hoton. Likitocin Jami'ar Tsukuba ta ƙasar Japan, waɗanda suka yi aiki da na'urar kamfanin Hitachi, sun buga ma'auni mai mataki biyar a 2006. A mataki na 1 ƙullutun duka yana lotsawa kamar naman da ke gefensa. A na 2 yawancinsa na lotsawa, sai ɗigo-ɗigon tauri nan da can. A na 3 gefe na lotsawa amma tsakiya ta ƙi. A na 4 ƙullutun gaba ɗaya ya ƙi, a na 5 kuwa har naman da ke kewaye da shi ya sandare. Na 4 da na 5 su ne ke sa likita ya gyara zama.

Hanya ta biyu ba ta dogara da dannawar hannu ba. In aka ɗan buga gefen malmalar nan da yatsa, za a ga girgiza ta ratsa ta zuwa ɗaya gefen, kuma gwargwadon taurin tuwon gwargwadon saurin girgizar. Na'urar da kanta ce ke aika wani sauti mai ƙarfi da ke ɗan tunkuɗa naman daga ciki, sai girgiza ta bazu gefe da gefe. Gudun wannan girgiza a jikin mutum bai wuce kamar mita 1 zuwa 10 a daƙiƙa ba, alhali sautin da ake bin sawunta da shi yana gudun kusan mita 1,540 a daƙiƙa, don haka na'ura tana iya kama ta. Na'urar Aixplorer ta kamfanin SuperSonic Imagine na Faransa ta yi suna a wannan fanni saboda tana ɗaukar dubban hotuna cikin daƙiƙa ɗaya. Amfanin wannan hanya shi ne tana ba da lamba, ko dai mita nawa a daƙiƙa, ko a wani ma'auni da ake kira kilofaskal. Lambar kitsen nono ƙasa take ƙwarai, ta sankara kuwa sau da yawa takan haura 100. Girgizar ba ta ratsa ruwa, shi ya sa cikin jakar ruwa tsantsa yakan fito ba launi.

Ga yadda abin yake a ɗakin hoto. Mace za ta kwanta rigingine, ta ɗaga hannun ɓangaren da ake dubawa ta ɗora bisa kai. A shafa man nan mai sanyi da santsi. Likita ya fara da hoto baƙi da fari har ya sami ƙullutun, ya auna tsawo da faɗi, sannan ya latsa maɓalli, wani ɗan akwati ya bayyana a allo a kan ƙullutun. "Hajiya, ki ɗan riƙe numfashinki, kada ki motsa." Daƙiƙa uku ko huɗu, launi ya cika akwatin. Ya tsayar da hoton, ya ɗora ɗan da'ira a wurin da ya fi tauri, lamba ta fito a gefe. Yakan maimaita har sau biyu ko uku don ya tabbata. Duka ƙarin bai wuce 'yan mintoci ba.

A nan sai mu ja kunnen mai leƙen allo. Launin ba ɗaya ba ne a kowace na'ura. A tsarin Hitachi shuɗi ne alamar tauri, ja kuwa taushi. A tsarin Aixplorer ja ne tauri, shuɗi taushi. Saboda haka kada wadda ake dubawa ta hango ja hantarta ta kaɗa, kada kuma maigida ya ɗauki hoton allo da waya ya aika wa ɗan'uwansa da ya taɓa aiki a kemis ya fassara masa.

Me ke sa sankara tauri? Ƙwayoyinta suna cunkushewa, sannan jiki yana mayar da martani ta hanyar saƙa zaruruwa masu ƙarfi a cikinta da kewayenta. Wannan saƙa ce ke janyo fata ta loɓa ko kan nono ya shige ciki. Ita ce kuma dalilin wani abin lura da likitoci ke amfani da shi: sankara takan fi girma a hoton tauri bisa yadda take a hoto baƙi da fari, ƙullutu mara illa kuwa yakan fito daidai ko ma ya fi ƙanƙanta.

Yanzu ga tambayar da ta fi muhimmanci: a ina wannan awo yake da amfani? Likitocin hoto suna da tsarin sa wa kowane ƙullutu daraja, mai suna BI-RADS, wanda ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta shirya, kuma za a gan shi a ƙasan takardar sakamako. Daraja ta 2 ba illa. Ta 3 tana nufin yiwuwar sankara ba ta wuce kashi 2 cikin 100 ba, sai a dawo bayan wata shida. Ta 4 akwai shakka, a ɗebi nama a gwada, ta kuma kasu zuwa 4a da 4b da 4c; ƙaramin rukuninta, wato 4a, yiwuwarsa daga sama da kashi 2 ne zuwa 10. Ta 5 kuwa kashi 95 ne ko fiye. A bugun tsarin na 2013 aka shigar da tauri cikin abubuwan da likita zai iya rubutawa: mai taushi, matsakaici, ko mai tauri.

To, a kan iyakar 3 da 4a ne awon tauri ke yin aikinsa. A cikin mata goma da aka sa wa 4a aka soka wa allura, tara ko fiye za a tarar ba sankara ba ce, bayan sun biya kuɗi sun kuma yi kwanaki ba barci. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Turai da Amurka, aka buga a 2012, ya duba ƙullutu 939. An ga cewa idan aka haɗa awon tauri da hoto na yau da kullum a kan waɗannan na tsakiya, gane marasa illa daidai ya tashi daga kashi 61 zuwa kusan 78 cikin 100, ba tare da kama sankara ya ragu ba. Ma'ana, ƙullutun 4a mai taushi sosai ana iya mayar da shi rukunin sa ido, shi kuma na 3 da ya fito da tauri ƙwarai a daina jira a gwada shi yanzu. A ganinmu wannan na biyun ya fi na farko daraja a wurinmu, domin wadda aka ce ta dawo bayan wata shida, in daga ƙauye mai nisa ta zo, ba lalle ne a sake ganinta ba sai abu ya ɓaci.

Amma a ji wannan da kyau. Ƙullutun da siffarsa ta munana a hoto baƙi da fari, mai gefe kaca-kaca, wanda aka sa wa 4b ko 4c ko 5, taushinsa ba ya wanke shi. Akwai sankara mai taushi: wata iri cike take da majina-majina, wata tsakiyarta ta ruɓe, wata kuma tana cikin hanyoyin ruwan nono ba ta fara saƙar nan ba tukuna. Akwai kuma abubuwa masu tauri da ba sankara ba ne, kamar tabon tsohuwar tiyata, da kitsen da ya mutu bayan buguwa, da tsohon ƙullutun 'yan mata da ya ƙeƙashe, da kumburin da kan kama mai shayarwa. Hannun mai aiki ma yana ɓata awo, domin in ya danna kan na'urar da ƙarfi, nama mai laushi sai ya matse ya fito kamar mai tauri. Ƙullutun da ya yi zurfi sosai shi ma awonsa ba abin dogaro ba ne. Na'ura mai tsada a hannun wanda bai koyi aikin ba, ba ta fi ta da ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata miliyan 2.3 aka samu da sankarar nono a duniya, 670,000 kuma suka rasu. A Najeriya ita ce sankarar da ta fi kama mata, kuma yawanci sai ta yi nisa ake zuwa asibiti. Da yawa daga cikin masu zuwan ba su kai shekarun takwarorinsu na Turai ba, nonon mace mai ƙuruciya kuwa cike yake da tsoka, abin da ke rage wa hoton mamogiram, wato ekisiren nono, gani. Ga shi kuma na'urar sikanin ta fi ta mamogiram samuwa nesa ba kusa ba. Waɗannan dalilai sun sa duk abin da zai ƙara wa sikanin ƙarfi abin maraba ne. Sai dai ba kowane shagon hoto ke da na'ura mai awon tauri ba, kuma rashinsa ba dalilin zama a gida ba ne. Hoto baƙi da fari a hannun gwani, tare da gwajin nama, ya isa a gano ciwon.

Abin da muke tsoro shi ne a mayar da wannan awo mafakar gudun allura. Akwai maganar da ta yi kaka-gida a garuruwanmu, wai ciwon daji, wato sankara, ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Ba a rasa inda maganar ta samo asali ba. Mace ta yi shekara tana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, wataƙila har an yi mata sakiya, sai da ciwo ya riga ya kai hammata da huhu aka kawo ta. Aka ɗebi nama, bayan wata biyu ta cika, sai dangi suka ɗora wa allura laifin abin da jinkiri ya yi. Gwajin kansa ba wani abin tashin hankali ba ne. Ana kashe zafin wurin, likita yana kallon allurar a allo har ta shiga ƙullutun, ya ciro 'yan siraran yankuna, a rufe da filasta, mace ta koma gida da ƙafarta. Waɗannan yankunan ne ake dubawa a madubin likita, su ne ke tabbatar da ko sankara ce, da irinta, da ko za ta ji magani irin su tamoksifen. Babu wani launi a allo da zai faɗi wannan. Duk wanda ya yi ta yawo da matarsa daga wannan shagon hoto zuwa wancan har sai ya sami mai cewa "ai da taushi", lokaci kawai yake ƙonawa. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 ya sa wa'adin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti zuwa ranar da za a kammala hoto da gwajin nama.

Wadda kuma aka ce mata daraja ta 3 ce, ta dawo bayan wata shida, to ta adana takardar da hotunan, ta zo da su ranar dawowa. In da hali ta koma wurin da aka yi mata na farko, domin lambar wannan na'ura ba lalle ta yi daidai da ta waccan ba, kuma da tsohon awo ake gane ko ƙullutun ya ƙaru. Idan kuwa kafin ranar ta ji ya girma, ko fata ta loɓa ko ta yi kauri, ko jini ya fito ta kan nono, ko kaluluwa ta fito a hammata, kada ta jira wata shidan su cika.