Wasiƙa Zuwa Ga Matasan Malam Madori: Ku Sayi Waya Daidai Aljihunku



'Ya'yana da ƙannena, samari da 'yan mata na Malam Madori da ƙauyukanta, ina so mu yi magana a kan wayar hannu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda nake ganin kuɗin kaka suna zurarewa. Saurayi zai sha rana a gonar riɗi ko a fadamar shinkafa wata da watanni, ya kai amfani kasuwa, kafin mako ya zagayo kuɗin sun koma babbar waya. Da noman rani ya kama, babu kuɗin taki, babu na man injin ban ruwa, sai a mayar da wayar a kan asara. Wannan yana ci mini rai, domin guminku ne. Shawarata ita ce: wanda sana'arsa ko karatunsa bai tilasta masa riƙe babbar waya ba, ya nemi ƙarama mai madannai, mai murfi ko marar murfi, wadda ke da kyamara, ya bar jarinsa ya ci gaba da juyawa.

Na san wasunku suna jin kunyar fito da ita a majalisa. Ku tuna cewa a 2001, lokacin da wayar salula ta shigo Najeriya, layi kaɗai sai da ya kai naira 20,000, kuma mai riƙe da irin wannan wayar da kuke rainawa shi ne babban mutum a gari. Aikinta bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Da ita za ka kira dillali a Haɗejia ko Gujungu ko Maigatari ka ji farashi kafin ka ɗora kaya a mota. Da ita za ka tura kuɗi ta lambobin banki ba tare da data ba, kuma wanda ya ga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ya san darajar haka. Ɗalibin da zai yi rajistar JAMB ta saƙon tes yake tura lambarsa ta NIN zuwa 55019 ko 66019. Ga tocila, ga rediyon da za ka kama Sawaba FM kana tsakiyar gona. Ita kuwa babba, kullum da bakinta a buɗe: a farkon 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari.

To, in an tashi saye, me za a duba?

Na farko batir. Ƙasarmu ƙasar ruwa ce. A ambaliyar 2022 garuruwa da dama a masarautar Haɗejia sun yanke daga hanya, kuma a Oktoban 2024 yawancin Arewa ta fi mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. A irin wannan rana wayar da ke kwana uku ko huɗu da caji ɗaya ita ce ke sada ka da 'yan uwanka. Ƙarfin batir a rubuce yake a jikinsa, kuma na ƙananan wayoyi yakan fara daga 1,000 mAh zuwa sama. Ku zaɓi mai yawa, wanda ake cirewa, wanda kuma za a samu madadinsa a Haɗejia ba sai an je Kano ba.

Na biyu murfin. Waya mai ninkewa tana da amfaninta: fuskarta a rufe take, ba ta karcewa, kuma ba ta kiran mutane da kanta daga cikin aljihu. Amma rauninta yana gaɓar da take ninkewa. Wata siririyar igiya ce ta ratsa wurin, ta haɗa fuska da jiki, masu gyara suna ce mata filas. Yawan buɗewa da ƙurar hunturu suna cinye ta, in ta tsinke kuwa fuska ta mutu. Saboda haka ku buɗe ku rufe sau da yawa a gaban mai shago. In murfin yana lilo ko hasken fuskar yana ƙyaftawa, ku ajiye masa abinsa. Ku fara tambayar mai gyaran unguwarku ko ana samun kayanta. Galibi mai murfi ta fi marar murfi tsada, don haka masunci da mai aikin ban ruwa, waɗanda hannunsu kullum a jiƙe yake, marar murfi ta fi musu kwanciyar hankali.

Na uku kyamara. Kada rubutun kwali ya ruɗe ku. Ko Nokia 2660 mai murfi, wadda ta fito a 2022, kyamararta megafiksel 0.3 ce kawai, kuma yawancin ƙananan Itel da Tecno ba su wuce nan ba. Irin wannan za ta ɗauki hoton akuyar da za a sayar, ko ganyen tumatir da cuta ta kama don a nuna wa malamin gona, muddin da rana ne. Da dare ba ta gani, ƙananan rubutu ma ba sa fita sosai. Ku ɗauki hoton rasit a nan shagon, in kun iya karanta lambobin, ta wadatar. Ku tabbata tana karɓar memori kuma tana da Bluetooth, domin yawancinsu ba sa yin WhatsApp, ta nan ne hoton zai fita.

Na huɗu asali. Araha ba ta ado. Akwai jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni, a kasuwannin ƙauye har da manyan kasuwannin waya irin Farm Centre ta Kano. Ku danna *#06#, lambar IMEI mai alƙaluma 15 za ta fito, ku gwada ta da wadda ke jikin kwali da ƙarƙashin batir. In sun saɓa, ku bar ta. Ku karɓi rasit da takardar garanti. Wayar hannu da za a miƙo muku a tasha a kan kuɗi kaɗan, ba kwali ba rasit, ku guje ta. Masu ƙwacen waya sun raba iyaye da 'ya'yansu a biranenmu, kuma mai sayen kayan sata shi ke ƙarfafa musu gwiwa, ban da cewa shi hukuma za ta fara kamawa. Ku zaɓi mai layi biyu, domin sabis ɗin da ke kamawa a cikin gari ba lallai ya kama a gona ba. Layin kuma ya zama da NIN ɗinku aka yi masa rajista.

Sai maganar amana. Kyamara ko ta araha ce, tana iya tona asirin bawan Allah. Kada ku ɗauki hoton kowa ba da izininsa ba, balle 'yar mutane, ko wanda hatsari ya rutsa da shi, ko wanda ruwa ya ci gidansa yana cikin kuka. Ku 'yan mata, kada ku karɓi kyautar waya a ɓoye daga hannun saurayi. Abin da ba za ki iya nuna wa mahaifiyarki ba, ba alheri ba ne a gare ki.

Ban ce babbar waya haramun ce ba. Ɗalibin Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa ko na kwalejin Binyaminu Usman a Haɗejia, wanda ake tura masa darasi ta intanet, da tela ko mai ɗinkin hula da ke tallata kayansa a WhatsApp, waɗannan kayan aikinsu ne, su saya in sun samu hali. Abin da nake hana ku shi ne cin bashi, ko sayar da tunkiyar gida, ko taɓa jari, don kawai a gan ku da ita. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Ina roƙonku, kafin ku miƙa kuɗi a kakar bana, ku ware na taki da na iri da na makaranta tukuna, sannan ku sayi waya da abin da ya rage. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa wa nemanku albarka, Ya tsare mana garinmu daga ambaliya.

Wassalam.

Daga baffanku mai ƙaunarku.