Agogo Mai Ƙirga Kalori: Abin Da Ya Kamata Mai Juna Biyu Ta Sani

Uwargida, ko kina ɗaura irin agogon nan na zamani mai ƙirga taku da bugun zuciya, kamar Fitbit ko Apple Watch? Idan haka ne, ƙila kin lura cewa da asuba, tun ba ki sauko daga gado ba, ya riga ya nuna kin ƙona kalori kusan 300. Wasu mata kan auna abincinsu da abin da agogon ya nuna. Ga mai juna biyu, yin haka yana da haɗari.

Mene ne kalori?

Kalori ma'auni ne na ƙarfin da abinci ke bai wa jiki. Ko kina barci, zuciya tana bugawa, huhu yana numfashi, ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda suna aiki. Wannan aiki na lokacin hutawa shi ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na ƙarfin da yawancin mutane ke amfani da shi a yini.

Daga ina agogo ke samun adadin?

Agogon ba ya auna wannan ƙarfi, lissafa shi yake yi. Ranar da kika haɗa shi da wayarki, kin shigar da shekarunki da tsawonki da nauyinki, da cewa ke mace ce. Da waɗannan yake aiki. Ga ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin lissafin, wadda Mifflin da St Jeor da abokan aikinsu suka fitar a Amurka a 1990. A ninka nauyi sau 10, a ninka tsawo sau 6.25, a haɗa su. Sai a ɗebe shekaru sau 5, sannan ga mace a ƙara ɗebe 161. Mace 'yar shekara 25, mai nauyin kilo 60 da tsawon santimita 160, za ta samu kalori 1,314 a yini, wato kusan 55 a kowace awa. Idan kika tashi kika yi tafiya, sai agogon ya ƙara wani abu a kai, gwargwadon motsin hannunki da bugun zuciyarki.

Me ya sa bai dace da mai ciki ba?

1. Ba don masu ciki aka tsara lissafin ba. Jinjiri da mabiyiya suna girma, jini yana ƙaruwa, duk kuwa suna buƙatar ƙarfi ko kina kwance.

2. Ciki yana ƙara bugun zuciya da 10 zuwa 20 a minti ɗaya. Agogon yana iya ɗaukar wannan a matsayin motsa jiki.

3. Ko ga marasa ciki yana kuskure. A 2017 masana a Jami'ar Stanford sun gwada irin waɗannan na'urori guda 7 a jikin mutum 60. Yawancinsu sun auna bugun zuciya da kyau, amma wajen kalori wadda ta fi dacewa ta kauce da kashi 27 cikin 100, mafi muni kuma kashi 93.

Me ya kamata ki yi?

Kada ki rage abinci saboda abin da agogo ya nuna, kada kuma ki ƙara saboda shi. A watanni ukun farko ba a buƙatar ƙari sosai. Daga wata 4 zuwa 6 jiki kan buƙaci ƙarin kalori kamar 340 a yini, daga wata 7 zuwa haihuwa kuma kamar 450. Ki neme su a wake, ƙwai, kifi, gyaɗa, madara, zogale da 'ya'yan itatuwa, ba a lemon kwalba ba.

Ma'aunin da za ki dogara da shi yana ɗakin awo, inda ake duba nauyinki da jininki da girman cikin. Agogo kuwa, ki yi amfani da shi wajen ƙirga taku. Idan kin ji zuciyarki tana bugawa da ƙarfi tare da jiri ko ƙarancin numfashi, ki zo asibiti nan da nan, ko me agogon ya nuna.

Maigida, kai ma ka taimaka da abinci mai gina jiki, ka kuma tabbatar ba ta fasa ranar awo ba. Muna yi mata fatan sauka lafiya.