Yadda ɗalibin lauya ke samun gurbi a ofishin lauyoyi, ya kuma ci moriyarsa

Sanin makamar aiki iri biyu ne ga mai karatun lauya a Najeriya. Akwai na dole, wanda Makarantar Horar da Lauyoyi, da aka kafa a 1962, ke tura ɗalibanta bayan sun gama digiri: a zauna kotu na wasu makonni, sannan a koma ofishin lauya. Mafi kusa da mu 'yan ƙasar Haɗeja cikin rassanta shi ne na Bagauda a Kano. Akwai kuma na ganin dama, wanda ɗalibin jami'a ke nema da ƙafarsa lokacin hutu. Wannan na biyun ne ɗan garin Malam Madori da ke karatu a Jami'ar Bayero ko Ahmadu Bello ya fi sakaci da shi, ya dawo gida ya ƙarar da hutu a majalisar bakin tasha.

A fara da duba kalanda. Manyan kotuna na tafiya dogon hutu wajen Agusta zuwa Satumba, ba a sauraron komai sai shari'un gaggawa irin su beli. Lokacin ne kuma ruwa ke cika a ƙasar Haɗeja. Wanda ya ga ambaliyar 2022 ya san yadda hanya ke yankewa. Idan hutunka ya faɗo a nan, nemi ofishin da ke yawan zuwa kotun majistare da kotunan shari'ar Musulunci, ko wanda ke da aikin rubuce-rubuce. Ka kai takardarka ta neman gurbi wata guda kafin hutu.

Ina za a nema? Haɗeja na nan kusa, ka je da safe ka kwana gida. Dutse na da Ma'aikatar Shari'a, da ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, da Babbar Kotun Tarayya. Kano ta fi su yawan ofisoshi, ga Kotun Ɗaukaka Ƙara, amma sai ka tanadi masauki da kuɗin mota, domin yawanci ba a biyan ɗalibi ko sisi. A ganina ƙaramin ofishi mai lauya biyu ko uku ya fi amfani ga ɗan aji uku. A babban ofishi kana iya yin wata guda ba ka taɓa fayil ba, a ƙarami kuwa ran farko za a ɗora maka jaka a ce ka biyo Barista kotu.

Takardar nema shafi ɗaya ta isa, da Turanci mai tsabta: sunanka, ajinka, darussan da ka yi, ranar farawa da ranar gamawa. Haɗa da taƙaitaccen tarihin karatunka da wasiƙar gabatarwa daga tsangayarku. Kada ka ɓoye abin da kake gani ƙauyanci ne. Rubuta cewa kana jin Hausa, da Fulatanci ko Barbarci in kana ji, ka san rabon gado, ka san bambancin aron gona da jingina. Shari'un wannan yanki ai su ne rikicin fadama, da burtali, da gado, da aure, kuma lauyan da ke da shaidu manoma na buƙatar mai fahimtar zancensu kafin tafinta ya juya shi a Babbar Kotu. Kai takardar da hannunka, ka gaida sakatare da girmamawa, ka koma bayan mako guda. In akwai malami ko dattijo da zai buga waya a kanka, ba laifi, amma takardar ta riga shi isa.

An ɗauke ka. Baƙi da fari za ka sa, ka iso kafin Oga, domin kotu na zama ƙarfe 9. Riƙe littafi ka rubuta kowace shari'a: lambarta, abin da aka yi, ranar da aka ɗage ta. Ɗaliban makarantar lauyoyi dole ne su cika irin wannan littafi a sa musu hannu, kuma za a titsiye su a kansa in sun koma.

Wurin da ake koyon aikin gaske shi ne ofishin rajistara. Nan za ka ga yadda ake shigar da ƙara, a ƙiyasta kuɗi, a buga hatimi, a rantsar da takarda, a miƙa sammaci ga mai kai shi. Magatakardan da ya shekara ashirin a kan teburin nan ya san abin da babu shi a littafi, saboda haka ka ce masa ranka ya daɗe, kada ka yi masa Turancin aji. Idan aka ba ka bincike, kawo hukuncin da kansa daga kundin hukunce-hukunce na NWLR ko LawPavilion, da shafi da sakin layi, ka tabbatar kotun sama ba ta rushe shi ba.

Abu biyu ke korar ɗalibi. Na farko surutu: a ƙasarmu kowa dangin kowa ne, fayil ɗin da ka karanta da safe yana iya zama na maƙwabcin kawunka, kuma sirrin mai ƙara amana ce a dokar aikin. Na biyu, 'yan gari za su fara kiranka Barista, su kawo maka takardun gona. Doka ba ta ba ka damar tsaya wa kowa ko karɓar kuɗi ba sai an rantsar da kai a matsayin lauya. Ka ce su zo ofis.

Ranar gamawa, roƙi wasiƙar shaida mai ɗauke da kwanan wata da irin ayyukan da ka yi, ka kuma tambayi Oga ko akwai wuri hutu mai zuwa.